Kifin Clarrie Ya Hau Bango

Shekara ashirin da biyu Clarrie Dunstan yana ba da labarin kifin baramundin da ya kama a kogin Daly, kuma duk shekara sai kifin ya ƙara tsawo. Masu zama a mashayarsa har sun fara yi masa dariya a kan idonsa, abin kuwa yana ci masa rai. Sai ya ce bari ya toshe bakin kowa: zai sa a ƙera kifin da fitilar niyon, a kafa shi a bango.

Daga Darwin aka haɗa shi da Noeleen, wata mai furfura da ta kama sana'ar lanƙwasa bututun haske bayan ta yi ritaya. Ta daɗe tana kallon fuskarsa kafin ta zaro abin awo.

"Nawa ne tsawonsa?"

"Mita ɗaya da rabi! Ke dai bari, saura kaɗan ya kife mini jirgi."

"A ƙasan mashigar nan mai duwatsu?"

"Ashe kin san wurin."

"Na ɗan sani. Akwai hoto?"

"Kyamarar ta faɗa ruwa."

Ta rubuta, tana cizon leɓe.

Bayan sati uku, ranar Asabar da rana, Clarrie ya gasa nama ya tara gari. Aka yaye ƙyalle, Noeleen ta danna makunni. Wani shirgegen kifi shuɗi ya cika bango da haske. Tsoho Wally, uban 'yan tsiyar, ya saki baki. Daɗi ya kama Clarrie har ya ji ƙwalla.

Sai shuɗin ya ɗauke. A tsakiyarsa wani ɗan kifi ja ya haska, bai kai kamu ɗaya ba. Haka suka riƙa karɓa-karɓa: babba, ƙarami, babba, ƙarami. Wally ya kwashe da dariya har giya ta sarƙe shi, sauran suka taya shi.

"Wannan wane irin wulaƙanci ne?" Clarrie ya daka mata tsawa. "Wa ya sa ki?"

Noeleen ta ci gaba da naɗe wayarta.

"Babban naka ne, yadda ka faɗa. Ƙaramin kyauta na ƙara maka. Santimita arba'in da ɗaya, Clarrie, bai ma kai tsawon da doka ta yarda a kama ba. Ni ce jami'ar kifin da ta auna shi ranar, ta sa ka mayar da shi ruwa."