Alamar da Ke Sunan Lu'isa

"A share ta kawai," in ji O'Dwyer, shugaban masu rubuta manhaja a ofishinsu na Brisbane. "Wannan 'yar alamar ce ke lalata fayil ɗin saiti wajen adanawa."

Lu'isa, ɗaya daga cikin ma'aikatansa, ta ji kamar ta shaƙe shi. Alamar, ɗan waƙafin nan na sama, tana tsakiyar sunanta, sunan da kakarta ta raɗa mata a Tonga.

"Oga, tsarin adanawar za mu gyara, ba sunayen mutane ba!"

"Ba mu da lokacin shirme."

Ta ciji leɓe, ta rubuta umarnin share alamar yadda ya ce, ba ta ware sunan kowa ba.

Washegari ya fito yana huci. "Uban wa ya mayar da ni Odwyer?"

Kafin abincin rana, da hannunsa ya gyara tsarin.