Kunun da Ke Tsami Kafin Azahar

Tun da ka ce sau uku kuna gyara abu ɗaya a wurin aikinku yana sake ɓaci, zauna ka ji wannan. Wata bazawara ce mai 'ya'ya huɗu take dama kunun zaƙi a gidan abincin wata hajiya, kusa da tashar mota. Shekara shida kununta na kaiwa la'asar garau. Kwatsam sai ya fara tsami tun kafin azahar, direbobi su kurɓa su yamutsa fuska su ajiye kofi. Hajiya ta sa aka ƙara sukari, aka sayo sabuwar roba, aka sauya mai kawo gero, duk a banza. Masu wanke-wanke kuwa, da yake baki ba ya azumi, suka ce ai an sa wa matar hannu ne. Ran nan Hajiya ta kira ta gefe ta ce, "Yaya, ina jin nauyinki, amma in Juma'a ta zo a haka, sai dai ki huta." Wallahi matar ta ba ni tausayi, don wannan kunun shi ne tuwon gidanta.

Ba ta yi rantsuwa ba, ba ta nemi mai duba ba. Washegari ta raba jiƙaƙƙen geronta biyu: rabi ta kai inji kamar kullum, rabi ta durƙusa ta niƙa a kan dutse har kafaɗunta suka yi tsami. Gero ɗaya, ruwa ɗaya, hannu ɗaya. Na inji ya lalace da hantsi, na dutse ya kai magariba lafiya lau. To, ta san hannunta ya fita, saura inji. Da safe ta je ta tsaya a bakinsa ta zuba ido. Ashe wata sabuwar mai koko ce ta tare a unguwar, tana jiƙa geronta kwana uku har ya yi tsami, kuma ita ke riga kowa layi. Mai inji, sarkin sauri, ba ya ɗauraye injin, sai ya juye geron bazawarar a kan ragowar ƙullun mai koko. Bazawarar ba ta yi faɗa da kowa ba. Bokitin ruwa ɗaya ta riƙa zuwa da shi, a wanke injin a gabanta kafin a zuba nata. Ran Juma'a kunu ya ƙare tas kafin la'asar, Hajiya ta kasa haɗa ido da ita.

Buhun sukari nawa aka narkar a kan abin da bokitin ruwa ya warkar? Kai ma koma ka bi sawun ɓarnar nan taku har inda ta faro, kafin ka sallami wani bawan Allah. Hausawa sun riga sun faɗa: ruwa ba ya tsami banza.