Citta Mai Suna Uku

Ina aji biyu a firamarenmu ta Zonkwa, wata rana dab da tashi, Malama ta ɗaga citta, ƙamshinta ya cika ajin.

"Mene ne wannan?"

Na faɗi sunan da kakata ke kiranta da shi da yarenmu, Jju. Aka yi dariya. Na gyara na ce citta, kamar a kasuwa. Malama ta taɓa bulala ta ce da Turanci, "Ginger."

Kaina ya ɗaure, don ita ma 'yar garinmu ce.

"Malama, to wanne ne sunanta na gaskiya?"

Ta kalli cittar. Sannan a hankali, da Jju, ta ce, "Riƙe wanda zai fito a jarrabawa."

Har yau ban gane ba, amsa ta ba ni ko haƙuri?