Usur Ɗin da Kaka Ya Ba Ni

Ina ɗan shekara bakwai, ina zaune a falonmu na unguwar Cheras, a ƙasar waje, ina busa wani kwanson harsashi kamar usur. Kakana ne ya ba ni a Kano. Da hannunsa yake ɗura wa irinsu albarushi saboda tsohuwar ƙaramar bindigarsa.

Baba ya shigo da ledar shinkafa, ya tsaya cik.

"Da wannan muka wuce filin jirgi?" ya ce ƙasa-ƙasa.

"Fanko ne, Baba."

"A ƙasar nan ko fanko yana iya kai ni kurkuku."

Ya rufe taga. Ya cusa kwanson cikin shinkafar, ya sauka daga bene ya zubar a bola.

Tun barinmu Kano ban sake ganin Kaka ba. Har yau ina jin ɗacin tagullar nan a leɓena.