Na'urar da Labari Bai Kai Wa Ba

Tun da aka rarraba wa na'urori aikin ba da labarin majinyata, wadda ba ta da cunkoso ita ke amsa wa mutum.

Tasalla ta iso asibiti da kunun mijinta, ta bi layi, ta tambayi allon bakin ƙofa labarinsa.

"Malam Sambo yana samun sauƙi," in ji muryar.

Sai ga ƙanensa Barau, idanu jajur. "Yaya, sai haƙuri. Tun hantsi ya cika."

Ta sandare. "Yanzu fa aka ce min da sauƙi."

"Wadda ta amsa miki, labarin bai kai mata ba tukuna."

Ta sake tambaya, wata na'urar ta yi mata ta'aziyya. Tasalla ta koma ƙarshen layi rungume da kunun, ko Allah zai sa ta sake dacewa da ta farkon.