Baƙin Akwati a Gefen Hagu

Direba ya sauke akwatin ƙarshe daga mota, ya goge gumi, ya tsaya bayan matarsa yana leƙen kwamfutarta. Ita ce mai wasan hasken leza a zauren taron, kowa na ce mata Injiniya. Shi kuma aikinsa ya kawo ta da kayanta, ya mayar da su gida.

Na'urar tana rataye a saman dandamali, tana fuskantar kujerun jama'a. Teburin Injiniya yana can ƙarshen zaure. Daga nan take saita komai a manhaja: ƙarfin haske, faɗinsa, launinsa, da iyakar da ba zai wuce ba. Kafin ta taɓa linzamin kwamfutar, sai ta miƙe ta juya wa dandamali baya, ta ware hannuwa tana magana ita kaɗai, sannan ta zauna ta ci gaba.

Duk wannan bai dami Direba ba. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne wani ɗan baƙin akwati da take zanawa a gefen hagu na allon, kowane taro, ba fashi.

"Maman yara, wannan fa?"

"Shinge ne. Duk wanda ke cikinsa haske ba ya taɓa shi."

"To, na wa ne?"

"Kai dai da tambaya kamar ɗan sanda," in ji ta tana dariya. "Je ka zauna a kujerarka. Kuma don Allah kar ka sauya."

Kujerarsa tana dama, kusa da ƙofa, wai don in an ce a gyara mota ya fita da sauri. Nan take ajiye shi kamar tsohon takalmi. A hagu kuwa, jikin ginshiƙi, nan Dogo mai gabatar da taro yake tsayawa da makirufonsa, da farin haƙorinsa, da turaren da ke riga shi shiga ɗaki. Shi ne mai cewa a gaban mutane, "A tafa wa Injiniyarmu!" Injiniyarmu. Kamar tare suka biya sadakin.

An ce kishi kumallon mata ne. Wanda ya faɗi haka bai ga Direba ba. Tun da aka yi masa aikin yanar ido bara ya koma mai saurin hawa. Ko yara suka ce, "Baba, ka sa maganin idonka?" sai ya rufe su da faɗa, wai shi ba makaho ba ne. Baƙin tabarau ɗin da likita ya ba shi kuwa yana can aljihun mota yana shan ƙura. Gani yake ya tsufa a idon matarsa, ga kuma yaro ɗanye ana zana masa gida a cikin kwamfuta.

Ya sha lissafa abin yana tuƙi. Akwati a hagu, Dogo a hagu. Ai ko makaho ya shafa ya ji. Idon Dogo ne abin tattali, nasa kuma oho.

Ranar taron wani kamfani ne, da rana tsaka, an saki labule masu kauri zauren ya yi duhu. Injiniya ta gama saiti, ta gwada, sai Dogo ya yafito ta daga nesa kan maganar jerin shirye-shirye. Ta tashi ta tafi. Direba ya ga ta ce wani abu, Dogo ya kwashe da dariya har yana dafa ginshiƙi. Zuciyar Direba ta yi baƙi ƙirin.

Bai iya kwamfuta ba, amma ya daɗe yana kallon hannunta. Ya ɗora yatsa a kan linzami, ya danna akwatin, ya ja. Abin ya biyo shi salin-alin. Ya tsallaka da shi allon gaba ɗaya, ya dire shi a gefen dama. Yau dai bari mijin aure ya shiga inuwa, Dogo ya ji yadda ake ji. Ya koma kujerarsa ya harɗe ƙafa, har da gyaran murya.

Aka fara kiɗa. Koren haske ya tsaga duhu, ya buɗe kamar mafici, ya karkata ya soma saukowa kan jama'a a hankali. Mutane suka hau tafi. Direba bai kalli sama ba, idonsa na kan ginshiƙi, yana jira.

Hasken ya zo daidai Dogo ya yanke, ya tsallake shi, ya ci gaba. Dogo na tsaye cikin duhu yana gyara wuyan riga.

Direba bai gama mamaki ba hasken ya iso dama. A duk zaman da ya yi a wannan kujera bai taɓa ganin sa ido da ido ba sai yau. Ya soke shi a idon da aka yi wa aiki, ya dafe fuska da hannu biyu, ya zame ƙasa yana salati.

Injiniya ta buga jan maɓallin kashewa, komai ya ɗauke. Ya ji gudun takalminta, ya ji kujeru na faɗuwa, sai ga hannunta a kansa. Ta ɓamɓare yatsunsa tana leƙa idon.

"Baban yara, buɗe in gani! Na'urar nan daga dandamali take kallon zaure, hagunta shi ne damanka. Tun ranar da aka sallamo ka daga asibiti nake rufe kujerar nan. Wane mara imani ne ya janye maka akwatinka?"