Gidan da Aka Cire wa Ƙofa

Tun da aka kawo ƙofofin nan da ba sa buɗewa sai ka karanta abin da suka rubuto, Hansatu 'yar Malam Gambo ta shiga uku. Shekararta goma sha biyar, ga kaifin kai, amma haruffa rawa suke yi mata a ido. Ran Talata uwarta ta dawo daga kasuwa, ta tarar da ita cikin rana tana lallashin ƙofar gidan ubanta: "Ni ce fa."

Da la'asar Malam ya ɗauko guduma ya cire ƙofar.

Kuluwa maƙwabciya, uwar gulma, ta leƙo. "Malam, ɓarayi fa?"

"Su shigo. Ita ma ta shigo."

Hansatu ta shiga, ta fito, ta sake shiga.